Sababbin Bawuloli a Tsohuwar Deluxe Reverb

Amfilifayar jita da aka ƙera a shekarun 1960 tana iya yin aiki har ta ga jikokin mai ita, amma kwalaben gilashin nan da ke rataye a bayanta, wato bawuloli, suna da iyakacin kwanansu, kuma duk wanda ya riƙe irin wannan na'ura zai kai ranar da dole ya zaɓi waɗanda za su maye gurbinsu. Wannan sharhi ya shafi bawulolin da ake samu a kasuwa a yau, kamar yadda suka yi aiki a cikin Fender Deluxe Reverb mai baƙin allo, samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1963 ya kuma ci gaba da yin sa a wannan kama har zuwa 1967. Na zaɓe ta ne domin ita ce a hannuna, kuma domin tana cikin na'urorin da suka fi gallaza wa bawul, ta yadda duk wanda ya jure zama a cikinta to ya ci jarrabawa. Ƙarfinta wat 22 ne, lasifikarta guda ɗaya ce mai inci 12, tsarin wayoyinta kuwa shi ne wanda aka fi sani da lambar AB763, kuma tana ɗauke da bawul tara: 12AX7 guda huɗu, 12AT7 guda biyu, 6V6GT guda biyu, sai GZ34 guda ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin taran nan aikinsa daban, kuma kuskuren da na fi ganin masu jita suna yi shi ne su sayi jeri guda na suna ɗaya su cusa gaba ɗaya, alhali abin da soket na biyu yake bukata bai yi kama da abin da na uku ko na bakwai yake bukata ba.

Kafin a kai ga sauti, ya kamata a san daga ina waɗannan kwalabe suke fitowa, domin sunan da aka buga a jikin gilashi yana ruɗar mutane da yawa. Manyan masana'antun da suka yi zamani sun daɗe da rufewa: RCA ta daina aiki a masana'antarta ta Harrison da ke jihar New Jersey a 1976, ta Mullard da ke Blackburn a Ingila ita ma ta bi sahu bayan wasu shekaru. Abin da ya rage a yau bai wuce wurare ƙalilan ba. Akwai JJ Electronic a garin Čadca na ƙasar Sulobakiya, wadda ta gaji injinan tsohon kamfanin Tesla na Chekosulobakiya. Akwai masana'antar Saratov a Rasha, mallakar New Sensor ta Amurka, wadda daga cikinta ake fitar da Sovtek da Electro-Harmonix da sababbin Tung-Sol da Mullard. Sannan akwai masana'antun ƙasar Sin, irin su Psvane. Ma'ana, Mullard ɗin da aka saya sabo fil a kwali yau ɗan Saratov ne, sunan ne aka saya aka ɗora masa, kuma babu laifi a cikin hakan muddin mai saye ya sani, domin bawul ne mai kyau a karan kansa. Ƙarancin masana'antun nan ya fito fili a watan Maris na 2022, lokacin da takunkumin ciniki tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma ya sa kaya suka yi ɓatan dabo na wani lokaci, masu gyara kuma kowa ya shiga tattalin ɗan abin da ke hannunsa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne manyan bawuloli biyu na 6V6, domin su ne ke tura lasifika, su ne ke shan zafi, kuma su ne ke fara mutuwa. Takardar bayanan da RCA ta fitar ta ƙayyade wa 6V6GT bolt 315 a farantinsa, wato ƙarfen cikin kwalba mai karɓar babbar wuta, da wat 12 na zafin da zai iya ɗauka, amma zanen Fender na wannan amfilifaya ya nuna kimanin bolt 415, wato tun daga masana'anta an ɗora wa bawul ɗin abin da ya zarce ƙa'idarsa da bolt 100. Tsofaffin bawulolin Amurka sun jure wannan saboda an ƙera su da rarar ƙarfi fiye da abin da takarda ta faɗa. Sai dai lamarin ya ƙara tsananta da tafiyar zamani, domin an tsara taransifomar ne bisa wutar gida ta bolt 117, yanzu kuwa wutar bango a Amurka takan kai 120 ko ta ɗara, kuma a ƙasashen da ake amfani da bolt 220 zuwa 240, ƙaramar taransifomar da ake sawa a tsakani don rage wuta ba kasafai take bayar da 117 cif ba. Duk bolt guda da ya ƙaru a bango yana ninkuwa fiye da sau uku kafin ya isa faranti, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a auna tsohuwar Deluxe Reverb a tarar da bolt 440 ko fiye. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowane 6V6 ita ce ko zai rayu a wannan wuta, maganar daɗin muryarsa kuwa sai daga baya.

A wannan fage JJ 6V6S ne na fi amincewa da shi. Kamfanin ya ƙayyade masa bolt 500 da wat 14, kuma ko a ido ana ganin bambancin, domin kwalbarsa ta fi ta tsohon 6V6GT girma, farantinsa ma haka. Da aka saka su aka saita, abin da kunne ya fara kamawa shi ne ƙasan sauti: igiyar jita ta shida, wadda a da take yin taushi ta baje da zarar an wuce lamba biyar a maɓallin ƙara, sai ta tsaya da ƙafarta, kowane bugu ya fito a rarrabe. Amfilifayar ta ƙara samun tazara kafin muryarta ta fara kaushi, abin da zai faranta wa mai kiɗa tare da ganga da jitar bes rai, haka ma wanda yake gina sautinsa da ƙananan na'urorin nan da ake takawa da ƙafa, yana son amfilifaya ta tsaya a tsabtace. Amma akwai abin da aka bayar a musaya, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Abin da ya sa mutane ke son Deluxe Reverb tun asali shi ne yadda take narkewa idan an matsa mata, sauti ya lanƙwashe ya yi zaƙi, samansa ya yi ƙyalli ba tare da ya soki kunne ba. JJ ya rage wannan narkewar, ya karkata da muryar zuwa ga ta 6L6, babban wansa da ke cikin Twin Reverb da Super Reverb. A wurina wannan ciniki ne mai riba ga amfilifayar da ake ɗauka zuwa wurin wasa, tana shan girgiza a mota, ana kunna ta sa'o'i a jere, amma na fahimci wanda zai ce shi ba don wannan muryar ya nemi Deluxe ba.

Wanda ya ce haka, sabon Tung-Sol 6V6GT ne zai fi kusantar da shi ga abin da yake nema. Girmansa da siffarsa irin na da ne, saman sautinsa ya fi buɗewa, kuma yana fara kaushi da wuri, sannu a hankali, ta yadda hannun dama kaɗai ya isa ya sarrafa shi: a taɓa igiya da sauƙi sauti ya fito garau, a ɗan ƙara ƙarfi ya soma gurnani. A cikin ɗaki, ko a gaban makirfo lokacin ɗaukar sauti, na fi jin daɗinsa a kan JJ, musamman da jita mai kaurin murya wadda take bukatar a buɗe mata sama. Sharaɗin da zan gindaya shi ne a auna wutar faranti tukuna, idan ta yi yawa a nemi hanyar sauke ta, a kuma saita shi da ɗan sanyi, wato ya riƙa jan wuta kaɗan a zaune. Su kuwa tsofaffin RCA da Sylvania da GE, waɗanda aka ƙera tun zamanin amfilifayar aka ajiye ba a taɓa kunna su ba, 'yan kasuwa na yi musu laƙabi da NOS, babu musu sun haɗa juriya da daɗin murya ta hanyar da sababbi ba su kai ba tukuna. Matsalarsu ita ce samun biyu da suka dace da juna yana ƙara wuya kowace shekara, tsadarsu tana hauhawa, kuma babban bawul abu ne mai ƙarewa ko na wane kamfani ne. Ban ga hikimar ƙona abin da ba za a sake ƙerawa ba a wurin atisaye na yau da kullum.

Duk wannan kwatance ba shi da amfani idan ba a saita bayas ba, kuma da yawa daga cikin hukuncin da ake yanke wa bawuloli, a ce wannan ya yi sanyi wancan ya yi zafin murya, hukunci ne a kan saitin da ba a yi ba. Bayas shi ne ɗan bolt na ƙasa da sifili da ake ba ragar bawul, wato siririyar wayar cikinsa mai sarrafa wucewar wuta, domin a ƙayyade yawan wutar da ke ratsa shi lokacin da ba a kiɗa, kamar yadda bakanike ke saita gudun injin mota sa'ad da take tsaye. Idan wutar ta yi kaɗan sauti yakan bushe ya yi ƙarfe-ƙarfe, idan ta yi yawa bawul ya gasu. Ƙa'idar da masu gyara suka saba bi a irin wannan amfilifaya ita ce kada zafin da faranti ke ɗauka a zaune ya wuce kashi 70 cikin 100 na iyakarsa. Lissafin ba shi da wuya: bawul mai wat 14, kashi 70 ɗinsa wat 9.8 ne, idan aka raba da bolt 420 sai a sami kimanin miliyamfiya 23. Mai wat 12 kuwa a wannan wuta bai kamata ya wuce miliyamfiya 20 ba. Idan wutar faranti ta hau zuwa 450 dole lambobin nan su sauka, shi ya sa kwafar lambar da wani ya faɗa ba tare da mutum ya auna tasa na'urar ba ganganci ne. Kashi 70 ɗin ma iyaka ce ta sama, ba dole ne a kai ta ba, kuma ni a wajen kashi 60 na fi jin daɗin JJ, inda ƙasan ya fi tsabta kuma bawul ɗin zai fi daɗewa.

Daga nan ne kuma ake gane dalilin sayen biyu da aka daidaita su. Maɓallin bayas guda ɗaya ne ke ciyar da su duka, don haka idan ɗaya yana jan wuta fiye da ɗan'uwansa sosai, duk inda aka tsayar da maɓallin sai ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi, gunji kuma ya ƙaru a lasifika. Amfilifayoyi irin su Champ da tsohuwar Deluxe ta 5E3 da Vox AC30 suna daidaita bayas ɗinsu da kansu ta hanyar rizistar katod, ba su da maɓallin da za a juya, amma Deluxe Reverb ba ta cikinsu. Wajibi ne a faɗa a fili cewa kafasitocin da ke cikin akwatin ƙarfe suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare waya daga bango, kuma wannan wuta tana kisa. Wanda bai san yadda ake sauke ta ba ya kai wa mai gyara, aikin bai da yawa a wurin wanda ya iya.

Bayan an saita, akwai gwajin da ba ya bukatar mita, wato a kashe fitilar ɗaki a leƙa bayan amfilifaya tana kunne. Siririn haske mai ruwan lemo a tsakiyar bawul na zaren ɗumama ne, haka ya kamata ya kasance. Shuɗin haske mai laushi da ke kwance a jikin gilashi daga ciki, yana rawa idan an buga igiya, shi ma ba cuta ba ne. Abin tsoro shi ne a ga farantin nan mai launin toka ya fara yin ja a gefensa, a daidai inda aka naɗe ƙarfen, jan tabo da ke faɗaɗa a hankali, sau da yawa tare da gunji mai ƙaruwa. Wanda ya ga haka ya kashe nan take, domin bawul ɗin da ya mutu a wannan hali yakan tafi da rizista, wani lokaci har da taransifomar fitar da sauti, wadda ita ce ba ta da madadi a tsohuwar na'ura. A dubi kuma shafen azurfa da ke saman kwalba ko gefenta, wanda muddin yana ƙyalli to babu iska a ciki, idan kuwa ya koma fari fat, iska ta shiga, bawul ya gama.

Soket mai rami takwas da 6V6 ke shiga shi ne dai 6L6 da EL34 ke shiga, abin da ya sa wasu ke ɗauka ana iya musanya su. Zaren ɗumamar 6V6 amfiya 0.45 yake ja, na 6L6 yana jan 0.9, na EL34 kuwa 1.5, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa taransifomar da ta haura shekara hamsin nauyin da ya wuce wanda aka ƙera ta dominsa. Tsofaffin 6V6 masu jikin ƙarfe ma ba su dace ba ko da an same su a arha, domin ƙafarsu ta ɗaya a haɗe take da kwanson ƙarfen, Fender kuma ta yi amfani da ramin wannan ƙafa wajen ɗaure rizistar raga mai ɗauke da bayas.

GZ34, wanda a Amurka ake kira 5AR4, shi ne mai juya wutar bango ta zama irin wadda bawuloli ke sha. Sauti ba ya bi ta cikinsa, amma yana da hannu a yadda amfilifaya ke amsa wa yatsa. Idan na asali ne a ciki, ƙirar Blackburn, ko da an buga masa sunan wani kamfani a jiki, kuma yana aiki, to a bar shi, domin irinsu sun yi suna wajen tsawon rai. Sababbin da ake ƙerawa yanzu suna bayar da wuta daidai, kuma bambancin sauti a tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, amma a juriya ba su kamo na da ba. Na taɓa ganin wani sabon GZ34 ya yi tartsatsi a cikin kwalba a daidai lokacin da aka ɗaga makunni na biyu, mai sakar wa bawuloli babbar wuta, farin walƙiya ɗaya da ƙarar tas, fis ya ƙone, kuma fis ɗin ne ya ceci taransifoma, wanda ya isa hujja ga duk mai sha'awar saka fis da ya fi lambar da aka rubuta. Masu gyara da yawa suna ɗaura diyod 1N4007 a gaban kowane faranti na wannan bawul don kariya, gyara ne ƙarami da ba ya taɓa sauti kuma ana iya warware shi. Wanda yake son sauke wuta saboda Tung-Sol ko tsohon RCA zai iya gwada 5V4GA, mai jan amfiya 2 a zaren ɗumama, kusa da 1.9 na GZ34, yana kuma rage 'yan bolt tare da ƙara taushi. 5U4GB ya fi rage wuta, kuma Fender ta koma gare shi a samfuran baya masu allon azurfa, sai dai amfiya 3 yake ja, don haka ba zan saka shi a mai baƙin allo ba. Duk lokacin da aka canja wannan bawul sai an sake auna bayas.

Ƙananan bawuloli shida ne suka fi ba da damar wasa da sauti, domin ba sa bukatar saiti, a zare a saka ne kawai, kuma a nan ne ya kamata mutum ya san inda zai saki hannu da inda zai tsuke shi. Ana ƙirga su daga wanda ya fi nisa da manyan bawuloli. Na ɗaya na tashar farko ne wadda ba ta da amsa-kuwwa, kuma yawancin masu jita ba su cika amfani da ita ba. Na biyu shi ne ƙofar tasha ta biyu, inda kusan kowa ke soka wayarsa, kuma duk abin da ya shiga sauti a nan, mai kyau ko maras kyau, sauran matakai za su ninka shi. 12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83, ƙarfin ninkawarsa 100 ne, lambar 7025 da ke kan takardar da Fender ta manna a cikin akwati kuwa nau'insa ne da aka ƙera don ƙarancin hayaniya. A wannan soket JJ ECC83S shiru gare shi, tsakiyar sautinsa mai kauri, samansa a ɗan rufe, wanda ya dace da amfilifaya mai tsinin murya, amma da aka haɗa shi da JJ 6V6S sai duhun ya taru ya yi wa kunnena yawa. Sabon Tung-Sol 12AX7 ya fi haske da kuzari, kuma a cikin sababbi shi ne ya fi daidaita nauyin JJ. Sabon Mullard mai dogon faranti yana da faɗin murya mai daɗi, sai dai doguwar ƙira ta fi saurin kama jijjiga, kuma a amfilifayar da lasifika da bawuloli suke zaune a akwati ɗaya, jijjiga ba ta ƙarewa.

Gwajin wannan matsala sauƙi gare shi. A cire murafen ƙarfe da ke rufe ƙananan bawuloli, a kunna amfilifaya, a ɗaga ƙara zuwa inda aka saba, a ɗauki fensir na katako a ɗan ƙwanƙwasa kowace kwalba da gefen da ke da magogi. Lafiyayyen bawul zai bayar da ɗan tum maras ƙarfi a lasifika ko ma ya yi shiru, na biyu da na huɗu za su fi sauran amsawa, wannan kuma ba komai ba ne. Wanda ya samu matsala kuwa zai yi amon ƙararrawa da ke ci gaba bayan an ɗauke fensir, ko ya ɓarke da fito. A wannan soket na biyu ne nake ganin tsohuwar ajiya ta cancanci kuɗinta, domin ƙaramin bawul yana yin shekaru masu yawa, abin da aka kashe a kansa ba ya tafiya da wuri. Wanda na tsaya a kansa shi ne 5751 na GE, irin wanda aka ƙera wa sojojin Amurka, mai haruffan JAN a jiki. Ƙarfin ninkawarsa 70 ne, saboda haka maɓallin ƙara ya daina tsalle daga shiru zuwa ihu tsakanin lamba biyu da uku, kuma an gina cikinsa da ƙarin tallafi don jure girgiza. Sautinsa a fayyace yake, igiyoyi shida na fita a bugu ɗaya ba tare da ɗaya ta danne 'yar'uwarta ba, kuma wannan canji guda ya fi duk sauran canje-canjen ƙananan bawuloli tasiri a kunnena.

Na uku, 12AT7 mai tura amsa-kuwwa, ya fi kowane ƙaramin bawul shan wahala, domin an haɗe ɓangarorinsa biyu suna aiki a matsayin ɗaya, farantinsa yana ganin bolt kusan 400, kuma bayan an yi kiɗa murfinsa ya fi na maƙwabtansa zafi. Sa'ar da aka yi ita ce 12AT7 na soja, irin su 12AT7WC na Amurka da CV4024 na Mullard, an ƙera su da yawan gaske, har yanzu sun fi tsofaffin 12AX7 sauƙin samu, kuma su nake ba da shawara a nan. Kada a saka 12AX7 a wannan gurbi da sunan ƙara amsa-kuwwa, domin ko da yake ninkawar 12AT7 ba ta wuce 60 ba, an zaɓe shi ne saboda yawan wutar da yake iya turawa, wadda 12AX7 ba shi da ita. Na huɗu yana karɓo sauti daga tankin sifirin da ke samar da amsa-kuwwa ya gauraya shi da na asali, don haka shiru ake bukata daga gare shi, kuma JJ ECC83S ya zauna daram a nan. Na biyar na karkarwar sauti ne, murya ba ta ratsa shi, duk 12AX7 mai ƙarfi ya wadatar, har wanda aka cire daga na biyu saboda jijjiga. Na shida, 12AT7 na biyu, shi ke raba sauti gida biyu ya miƙa wa manyan bawuloli, kuma yana gajiya tare da su, don haka ya dace a sabunta shi lokacin da aka sabunta su. Wasu masu sayarwa na karɓar ƙari a kan wanda ɓangarorinsa biyu suka yi daidai, ban ƙi ba, amma zanen kansa ya sa rizista mai om dubu 82 a gefe ɗaya da mai dubu 100 a ɗaya gefen, kuma tsofaffin rizistoci sun riga sun kauce daga lambobinsu, saboda haka daidaiton da aka biya ba lallai ya isa lasifika ba.

Tunda masana'antun kaɗan ne, kuma a kowane ɗauri da suka fitar ana samun na kirki da maras kyau, bambanci na gaskiya yana hannun mai sayarwa. Nagari shi ne wanda yake kunna bawul ya bar shi ya yi sa'o'i kafin ya auna, yake aunawa a wuta mai kusa da wadda bawul zai gani a amfilifaya, yake rubuta lambar wutar da kowanne ke ja a jikin kwali, kuma yake karɓar kayansa idan suka gaza a cikin wa'adin da ya ɗiba. Da yawa daga tsofaffin na'urorin gwaji ba sa kai bolt 200, don haka bawul zai iya cin jarrabawa a kansu ya zo ya faɗi a 440. A kasuwar tsohuwar ajiya kuma akwai jabu, ana goge suna a buga wani. Bawul ɗin kamfanin Telefunken na Jamus na gaske yana da alamar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu da aka zuba a cikin gilashi tsakanin ƙafafu, ƙirar Mullard da Philips kuma tana da ƙananan lambobi da aka cinye a jikin gilashi, inda harafin B ke nuna Blackburn. A kuma lura da bambancin wanda ba a taɓa kunnawa ba da wanda aka ce ya auna kamar sabo, domin na biyun tsohon hannu ne.

Akwai lokutan da bawul ba shi da laifi ko kaɗan. Gunji mai nauyi da bai canja ba bayan an musanya bawuloli yawanci na kafasitocin tace wuta ne da suka bushe. Ƙarar tsattsaga na iya fitowa daga tsofaffin rizistocin faranti, ko daga ramukan soket da suka saki ko suka yi tsatsa. Bawulolin wannan amfilifaya a kife suke rataye, zafinsu yana tashi kai tsaye zuwa soket, inda rizistoci masu om 470 suke gasuwa shekara da shekaru, kuma saka sababbin 6V6 a kan rizistar da ta tsage asarar bawul ce kawai. Don haka a canja ɗaya bayan ɗaya ana saurare, a bari su huce kafin a taɓa, a kama babban bawul ta gindinsa a danne haƙoran ƙarfen da ke riƙe da shi, a lura da ɗan tudun da ke jikin sandar tsakiya ya shiga gurbinsa, kuma kada a kunna amfilifaya ba tare da lasifika a jone ba. Ƙananan RCA ko GE da aka tarar a ciki kada a zubar da su don kawai sun tsufa, domin sau da yawa suna da sauran rai fiye da wanda aka sayo don ya gaje su.

Sababbin manyan bawuloli suna ɗan motsawa a kwanakin farko, wutar da suke ja takan hau ko ta sauka kafin ta tsaya, saboda haka ya kamata a sake auna bayas bayan an yi musu wasu sa'o'i na kiɗa. Idan sun tsaya kuma kunne ya gamsu, a koma wurin mai sayarwar nan da lambar da ke jikin kwali a nemi wasu biyu masu lamba iri ɗaya a ajiye tare da fis na gaggawa, domin ranar da ɗaya ya mutu ana tsakiyar aiki za a iya saka su a ci gaba da kiɗa, a bar awon mita sai an samu sarari.